Tarin da Ya Biyo Mu daga Kudu

Tun da na dawo, ba na zama gindin itacen bedin ƙofar masallaci wani bai matso ya ce, "Idi, wai yaya Ingila take?" ba. Ingila, haka muke kiran ƙasar da ke ƙetaren iyakarmu ta kudu. Wasu labari suke so. Wasu hanya suke tambaya, don rumbunansu sun zama irin nawa. Wasu kuwa, na sani, so suke su ji daga bakina yadda aka yi ciwon nan ya shigo garinmu. Na gaji da gutsura wa kowa nasa, shi ya sa zan faɗe shi gaba ɗaya, daga fita har komowa, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Garinmu ɗan ƙarami ne a ƙasar Sarkin Hausa. Cikin waɗanda Inna ta haifa mu biyu muka rayu, ni da ƙanena Arzika. Shi ya shiga Kirista tun yana saurayi, ya auri Rahila, suka zauna a unguwar gabas inda 'yan gidajensu suke kewaye da majami'arsu ta laka. Baba har ya rasu bai sake yi mishi magana ba. Inna kuwa ta ce ita nononta bai san addini ba, kuma ko wace Juma'a sai ta taka ta je ta ga jikokinta. Rahila tana kiwon 'yan aladu bayan ɗakinta, cikin katanga. An daɗe ana haƙuri da abin, muddin ba su fito ba babu mai magana.

Da damina ta ƙi, hatsi ya ƙone yana tsaye, Arzika ya bi wani ɗan majami'arsu suka yi kudu. Sau ɗaya ya aiko da saƙon baki cewa ya samu aikin kiwon aladu a wani gari kusa da Kafanchan. Daga nan sojan Ingila suka rufe iyaka, muka daina jin ɗuriyarsa. Kafin bazara mun koma ga anza da jiga, abincin daji na lokacin yunwa, sai jar dawar taimako da ake rabawa a Mayahi, gardawan gwamnati tsaye da bulala. Ƙafafun Inna suka kumbura. Wata safiya ta kira ni ta ce in je in ɗauko mata Arzika, ba ta jin za ta ga damina. Na ce mata soja sun rufe hanya.

Ta ce, "Su suka haifa mini shi?"

Ta jawo tasoshinta na aure da suka rage daga ƙarƙashin gado ta ce in sayar in yi guzuri.

Amalanke na samu zuwa Mayahi, amma san da ke janta ya rame har muna jin kunyar hawa, rabin hanyar a ƙasa muka yi ta. Daga Mayahi wani kamyo, babbar motar kaya, da ya sauke jar dawa zai koma Tasawa babu kaya, direban ya bari muka hau. Wata mata da ke kusa da ni ba ta ɗaga kai ba har muka isa. Da tsinke take zaƙulo ƙwayoyin dawa daga tsakanin katakan motar tana tarawa a bakin zanenta. Da muka tsaya wajen jandarma ana duba dantite, katin shaidar ɗan ƙasa, ta damƙe bakin zanen kamar wadda ta yi sata.

Tasawa na san ta da kasuwa da hayaniya, amma wannan karon bakin gari duk bukkokin tabarma ne na mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare. Na sauka a zauren wani ɗan garinmu mai gyaran kekuna. Ya ba ni kunu wanda in ka leƙa ƙwaryar za ka ga fuskarka, yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na daɗe ban sha abin da ya kai shi daɗi ba. A otogar, tashar mota, na haɗu da wani dattijon Buzu mai suna Agali, dogo, da takobinsa a rataye. Raƙumansa da awakinsa duk sun mutu, zai je Katsina neman aikin gadi. Yana da butar shayi amma ba shi da ganye ba shi da sukari. Duk da haka in mun zauna sai ya hura ɗan gawayi ya tafasa ruwa zalla, ya zuba mini a ɗan kofi, ya zuba wa kansa, mu sha a natse. Ban taɓa yi mishi dariya ba.

Mota ta kai mu Gazawa, daga nan sai ƙafa. Wani mai jakuna da ke shigo da isansi, man mota, a ɓoye ya ce mu bi shi, kuma da tsakar rana za a ƙetare, lokacin da soja ke neman inuwa. Dabararsa ta yi kyau, sai dai inuwar da sojan suka nema ranar ita ce ta gawon da ke kan hanyarmu. Mai jakunan sun san shi, suka gaisa ya wuce. Mu aka tsayar. Suka sa mu tsallen kwaɗo cikin rairayi mai zafi, ni da wasu samari, har sai da ɗaya ya faɗi. Agali ba su sa shi tsalle ba saboda furfurarsa, amma babbansu ya miƙa hannu ya ce ya kawo takobin. Agali ya ce na kakansa ne. Sojan bai janye hannun ba, sai da Agali ya cire takobin ya ba shi. Da suka gaji da mu suka ce mu ɓace. Tun daga gindin gawon nan har Katsina Agali bai sake hura gawayi ba. A tashar Katsina muka rabu. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya juya ya shiga cikin mutane.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Ingila shi ne abinci a fili. A kasuwar Ɗankama na ga burodi jibge, da garin rogo a buhuna, mutane na wucewa ba sa ko waiwaye. Hausarmu ɗaya da ta Katsinawa, sai dai in ka ce isansi su ce fetur, in ka ce lakwal maimakon makaranta su yi dariya su ce ɗan Faransa ne, haka suke kiran mutanen ƙasarmu. Su ma soja ke mulkinsu. Namu sojan ba ka cika ganinsu ba, tsoronsu kawai kake ji a bakin mutane. Nasu kuwa suna nan cikin tasha da bulala suna sa mutane layi, har mai gemu in ya tsallake layi sai ya sha.

Daga Katsina babbar mota ta kai ni Kaduna, can aka ce in shiga jirgin ƙasa. Ban taɓa ganinsa ba. Da ya yi kuka zai tashi na yi tsalle na koma ƙasa da jakata, sai da wata mata mai ɗauke da kwando ta jawo rigata ta ce, "Malam, shigo, ba ya cizo." Ita ta ba ni dafaffiyar doya da manja. Cikin da ya saba da anza bai karɓi manja ba, sauran tafiyar a bakin ƙofar ban-ɗakin jirgin na yi ta, matar tana ta yi mini sannu tana dariya. Amma ta tagar nan na ga abin da ya ƙi fita daga raina. Can ruwa ya riga ya sauka. Ciyawa ta kai gwiwa, kore shar, babu dabbar da ke cinta. Na tuna san amalanken nan, na kau da kai.

Mutanen wajen Kafanchan suna jin Hausa, amma tasu daban ce, mace ma "ya zo" ake ce mata. Mata ke riƙe da manyan garemani a gona. Aladu kuwa suna yawo cikin gari kamar yadda awaki ke yi a namu, yara na kora su da kara. Na yi ta tattare rigata ina raɓewa, mutane na kallona. A kasuwarsu ta aladu, inda kuka kamar ana yanka yara, na yi ta tambayar ɗan Faransa mai kiwo, har wani mahauci ya ce ai na gidan Mama Asabe ne, ya nuna mini hanya.

Mama Asabe gwauruwa ce mai dafa burkutu, dusar burkutun take ba aladunta. Na same ta zaune kan turmi ta lulluɓa da zane cikin rana tana tari. Da na faɗi ko ni wane ne ta miƙe da ƙyar ta ce Allah ne ya kawo ni, ɗan'uwana ba shi da lafiya, ita ma ga yadda take, gidan duk a kwance. Ta ce tun safe ta hana shi fita amma ya ɗauki bokiti ya ce dabbobin ba su sha ruwa ba.

Muka zaga bayan gida. Tun kafin mu isa na ji tarin. Na ɗauka tsofaffi ne a wani ɗaki, ashe aladun ne. Sun taru a lungu ɗaya sun hau juna, hancinsu na zuba, cikinsu na bugawa, ga dusa a kwami babu wanda ya taɓa. Arzika yana kwance a tsakiyarsu cikin taɓo, bokitin ya kife gefensa.

Ni tun da aka haife ni ban taɓa matsawa kusa da alade ba. Na tsaya a bakin katangar ban shiga ba. Sai ya buɗe ido ya gan ni.

Ya ce, "Yaya, kai ne? Kada ka shigo, za ka ɓata kayanka."

Na ce, "Kaya ana wankewa."

Na tsallaka na ciccibe shi. Jikinsa kamar garwashi, kuma bai fi nauyin damin kara ba. Ɗakin da yake kwana bango ɗaya ne da na aladun, bangon ma bai kai rufi ba, iskar da suke fitarwa ita yake shaƙa. Na ce ba zai koma ciki ba, muka shimfiɗa mishi tabarma a rumfar tsakar gida.

Ba zan ɓoye alherin matar nan ba. Da ta gane ni Musulmi ne, da ciwonta da komai ta aika aka sayo sabuwar tukunya, a ciki ake dafa mini tuwon acca da miyar karkashi, kuma ta nuna mini inda zan yi salla nesa da tukwanen burkutu. Na tambaye ta mafarin abin. Ta ce wani mai sayen aladu ne ya zo yana tari, ya shiga cikinsu yana tattaɓa su, bayan tafiyarsa suka kwanta. Arzika da ya samu bakin magana ya ce a'a, sababbin da aka sayo daga kasuwa ne suka zo da shi, suka sa wa na gida, shi kuma ya ɗauka wajensu. Sun yi ta musu daga kan tabarminsu, kowa na tari, babu wanda ya ka da wani. Mai saida magani na garin ya ce mura ce mai masassara, ya ba da ƙwayoyi.

Ƙananan aladun suka mutu, masu ciki suka zubar, manyan kuwa bayan 'yan kwanaki suka miƙe suka koma cin dusarsu kamar ba su ba. Mutane ma haka, masu ƙarfi suka tashi. Wani tsoho maƙwabcinsu bai tashi ba. A nan na ga yadda suke biso: ganguna da waƙa da rawa, wai tsoho ya koma gida. Mu da ko kuka mai ƙarfi ake hana mata, abin ya yi mini nauyi, amma na ga 'ya'yansa suna rawa hawaye na zuba, na gane baƙin cikin ɗaya ne.

Da Arzika ya iya tsayuwa na gaya mishi maganar Inna. Nan take ya shiga ɗaure kayansa. Mama Asabe ta ce mu ƙara kwana ya yi ƙarfi, ya ce in ya ƙara kwana ya tarar da kabari fa? Ta cika mana buhu da masara ta ce a kai wa tsohuwa. Babu wanda ya kawo a ransa cewa akwai wani abin da za mu ɗauka ban da masarar.

A cikin jirgi gaɓoɓina suka fara ciwo. Kafin Katsina masassara ta rufe ni, tarin ya sauko mini a ƙirji. Wanda na je ɗaukowa shi ya koma riƙe ni. A iyaka ba mu yi wata dabara ba, ba mu da ƙarfinta. Soja suka ce an hana fitar da abinci, suka sauke buhun. Arzika ya durƙusa ya ce uwarmu ce ke mutuwa da yunwa. Wani ƙarami cikinsu ya dubi babbansu, ya ga ya juya baya, ya ce Arzika ya tuɓe rigarsa. Abin da rigar ta iya ɗauka shi muka ƙetaro da shi.

A Tasawa Arzika ya ja ni dispansar, ɗan ƙaramin asibiti. Tsakar gidan cike take da mata riƙe da yara masu ƙyanda. Majo, malamin asibitin, ya sa abin sauraro a ƙirjina, ya ce girip ce, wato mura mai zafi, magani ya ƙare, in je gida in kwanta in sha ruwa. Muka samu amalanke muka yi gida.

Inna tana zaune bakin ɗakinta muka shiga. Ba ta iya tashi ba, sai ta miƙa hannuwa. Arzika ya durƙusa, ta kama fuskarsa tana shafawa tana cewa ya rame, wa ya ce mishi ya je inda ba a ba mutum abinci. Ta zaunar da shi kan tabarmarta, ta sa aka kira Rahila da yara. Matata ta daka masarar nan ta dama kunu. Ludayi ɗaya Inna ta riƙa sha tana ba shi, tana sha tana ba ni, kamar muna yara. Ranar har dariya ta yi da na ba ta labarin jirgi.

Ba a jima ba ta fara tari. Jikin da yunwa ta riga ta cinye ba shi da abin da zai tare ciwo da shi. Numfashinta ya koma kamar ana jan zarto, muna zaune gefenta mu biyu har ta cika da hantsi. Arzika da kansa ya shiga ramin kabarin yana haƙa, yana yi yana hutawa. Da aka tsaya salla ya koma gefe ya tsaya shi kaɗai, hularsa a hannu.

Kafin a yi bakwai ciwon ya zaga gari. Gida kaɗan ne ba a kwanta ba. Yawanci sun tashi, amma jaririn maƙwabcina Sule ya tafi, ladanmu ma ya bi shi. Rahila ta kwanta, ta tashi da ƙyar ta ci gaba da kai wa dabbobinta ƙasari da saiwoyin da take tonowa a fadama. Sai ga aladunta sun fara tari. Tarin alade ba ya ɓoyuwa, har bakin rijiya ana jinsa.

Daga nan magana ta juya. Aka ce dama ƙazantar unguwar gabas ce ta jawo mana, ga shi nan ta fito fili. Wasu suka ce mutane na cin anza ana ba alade ƙasari, yaya Allah ba zai yi fushi ba. 'Yan samariya, ƙungiyar samarin gari, suka fara taruwa da sanduna, na ji da kunnena ana maganar wuta. Dattijon majami'ar su Arzika ya taka har Mayahi ya zo da likitan dabbobi a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur, Maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa.

Likitan ya ɗaure hanci da ƙyalle ya duba aladun ya dawo. Ya ce murar aladu ce, kuma ciwo ne da ke tafiya ta kowane gefe: mutum na ɗauka daga alade, alade na ɗauka daga mutum, ta numfashi da majina, in ana cuɗanya wuri ɗaya. Ya ce waɗannan sun riga sun fara farfaɗowa, abin da ya kamata shi ne a bar su a killace, mai tari kada ya je kusa da su, mai kula da su ya wanke hannu ya canza riga kafin ya shiga cikin mutane, marasa lafiya kuma a raba musu ƙwarya da ludayi. Aka tambaye shi wa ya sa wa wani. Ya ce wannan sai wanda ya ga farkon abin.

Ban shirya magana ba, na dai ji na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ga farkonsa. Ciwon nan a ƙirjina da na Arzika ya ƙetaro iyaka. Ranar da muka shigo garin nan dabbobin Rahila lafiyarsu lau. Mun binne Inna kafin ɗaya cikinsu ya yi tari. In ana neman wanda ya kawo shi, ga ni."

Sai Sule, wanda jaririnsa ya rasu, ya ce ba tare da ya ɗaga murya ba, "To kai a ina ka ɗauko shi, Idi?"

Na ce, "A gidan da ake kiwon aladu."

Ya ce, "To."

Gaskiyar da na faɗa don ta kare su ita ta koma kansu.

Maigari ba mugun mutum ba ne. Ya kira ni da dattijon majami'ar cikin zaure ya ce ya ji likita, ya kuma yarda da ni, amma shi ya san garinsa. In aladun nan suka kwana a raye za a sa wa unguwar gabas wuta, in aka sa wuta gardawa za su zo, kuma gwamnatin soja ba ta tambayar wa ya fara, gari duka za a ɗaure, rabon jar dawa ma a yanke mana. Ya ce a kashe su a binne, kada a ci, don kada gobe wani ya yi tari a ce nama ne. Likitan ya ce wannan ba dokarsa ba ce. Maigari ya ce ya sani, tasa ce. Likitan ya hau mobilet ɗinsa ya tafi.

Masu sandunan nan babu wanda ya yarda ya taɓa alade, don haka aikin ya koma kan masu su. Ranar kuwa dabbobin sun miƙe, suna ta tura hanci cikin kwami suna neman abinci. Su ne kaɗai abin da gidan ya mallaka, da su Rahila ta yi niyyar sayen iri in ruwa ya sauka. Arzika ya ɗaga wuƙa ya kasa, ta faɗi. Rahila ta ɗauka ta ce ya je ya riƙe yara a ɗaki, ita ta raine su, ita za ta yi. Ni na haƙa ramin bayan gari. Mutanen unguwarsu suka jawo su ɗaya bayan ɗaya, yaransu da ba su ga nama ba tun kaka suna tsaye suna kallo aka tura ƙasa.

Ba a sa wuta ba. Amma a rijiya mata suka daina ajiye tulunsu kusa da na Rahila, yaranta kuma in sun fito wasa sai a kira na wasu gida. Ni ma an rage ba ni hannu, sai dai ni ana gaishe ni. Da ruwan farko ya sauka na raba ɗan irin da na samu biyu na kai wa Arzika rabi. Ya ce in shuka duka a gonata, har da tasa gonar in na iya, su za su koma wajen Mama Asabe. Na ce can ɗin da ya kusa kashe shi? Ya ce can in ya yi tari sannu ake ce mishi.

Na raka su har Tasawa, ƙaramar ɗiyarsu a wuyana. A otogar Rahila ta durƙusa ta ce, "Yaya, mun gode da abin da ka faɗa gaban Maigari." Na ce bai amfana komai ba. Ta ce yaranta sun ji, wannan ya isa.

Da mota ta cika Arzika ya leƙo ta taga. Na zaci zai ce in gai da gida. Sai ya ce ƙayar da aka rufa wa kabarin Inna ba ta da yawa, ya ga iska ta fara janye ta, in ruwa ya yi ƙarfi in ƙara sarowa in danne da dutse. Na ce zan yi. Motar ta tashi, na tsaya har ta sha kwana wajen kasuwa.

Da na koma gari ban shiga gida ba, na biya wajen Sule na ari gatari. Ya tambaye ni abin da zan yi da shi, na gaya mishi. Ya shiga ɗaki ya fito da gatari biyu, ya ce na ɗansa ma yana son ƙari. Muka tafi tare.